Filin Lafiya: In mura ta taso min sai kaina ya kama sarawa, alaji ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina neman shawara. Shekarata 29 ina da yara biyu. Ni dai ba kullum bane amma in ciwon kai ya taso min wallahi ko ido bana iya buɗewa, yakan fara ne da atishawa da ƙaiƙayin hanci, ido yayi ta ruwa, hanci ya toshe, can sai goshi da ɓarin dama su kama sarawa har zuciyata ta riƙa tashi, sai na shige ɗaki na kashe fitila nake samun sauƙi. Yafi yawa da hunturu, ko in nayi shara, ko in na saka turaren wuta. Mai kemis ɗin layinmu yace sainos ne, yana haɗa min Piriton da maganin ciwon kai da antibayotik, yanzu kusan kullum sai na sha magani. Alaji ne ke kawo shi? Me zan yi? Daga wata 'yar uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Atishawar nan da ƙaiƙayi da ruwan ido tabbas sunyi kama da alajin hanci. Abin da ke faruwa shine jikinki yana ɗaukar ƙura ko hayaƙi a matsayin abokin gaba, sai ya saki wani sinadari da ake kira histamin, shi kuma ya kumbura fatar cikin hanci. To a cikin ƙashin fuskarmu akwai wasu koguna masu iska, a goshi da kumatu da tsakanin idanu da can bayan hanci, sune sainos ɗin da mai kemis ke faɗa, kuma kowanne da 'yar ƙofarsa da ke buɗewa cikin hanci, in kumburi ya toshe ƙofar sai majina ta taru mutum yaji fuska tayi nauyi musamman in ya sunkuya ko yayi sujada. Ga shi kuma daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso mana ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, dole masu irin jikinki su sha wahala.

Amma fa gaskiya ni ba nan hankalina ya tsaya ba. Ciwon da alaji kaɗai ke kawowa nauyi ne da matsi, bai cika kwantar da mutum ba. Ke kuma kince ɓari guda ne, yana sarawa, da tashin zuciya, kuma haske na damunki, waɗannan duk alamun ciwon ɓarin kai ne wato maigiren. Mutane da yawa basu san cewa maigiren shi kansa yana toshe hanci yana sa ido ruwa ba, saboda jijiyar da ke ɗauko zafin kan ita ce dai ke kula da fuska da hanci, shi yasa mafi yawan waɗanda ke zuwa asibiti da cewa "sainos ke damuna" in aka bincika sai a tarar maigiren ne. Yakan ɗauki awa 4 har zuwa awa 72, yafi kama mata kusan ninki uku akan maza, kuma masu alajin hanci sun fi samunsa. Ina kyautata zaton biyun ne suka haɗe miki, alajin na tsokano shi, ƙamshin turare ma shi kaɗai ya isa ya tada shi, haka rashin barci, yini da yunwa, ƙarancin shan ruwa da gabatowar al'ada.

Maganar shan magani kullum ɗin nan ita tafi tada min hankali. Duk wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko haɗe-haɗen maganin ciwon kai masu sinadarin kafeyin (caffeine) kwana 10 ko fiye a wata, maganin da kansa yana komawa ya zama mai kawo ciwon kai. Antibayotik kuwa ba abin da yake yi wa alaji ko maigiren, amfaninsa sai in ƙwayar cuta ta bakteriya ce ta shiga sainos, shi kuma likita ke tantancewa. Ki kuma duba cikin ƙullin da ake baki, in akwai dekza ko firedinisolon ki nuna wa likita, suna kwantar da mura nan take amma daɗewa a kansu na jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa lokaci ɗaya.

A gida ki fara da ƙura. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa, ki sa takunkumi in gari yayi hazo, zanen gado a wanke duk sati, katifa da filo a shanya su a rana, kafet ɗin ɗakin kwana in da hali a naɗe shi. Kyankyasai ma suna tada alaji, haka hayaƙin koyil, gara gidan sauro. Turaren wuta na san abu ne mai wuyar bari ga matar aure, to ki turara ɗakin taga a buɗe ke kina waje, sai hayaƙin ya lafa ki shigo, kaya kuma a turara su tun da wuri, in duk da haka kan ya sara to ki haƙura da shi na wata guda ki gani.

Wankin hanci yana taimakawa sosai: ki tafasa ruwa rabin lita ya huce, ki zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, ki zuba a tafin hannu ki shaƙa ki face kamar dai a alwala, safe da yamma. Loratadin ko setirizin guda ɗaya a rana sun fi Piriton saboda basu cika sa barci ba. Akwai kuma na fesawa a hanci irin su fulutikason, shi yafi aiki ga toshewa amma sai an jure ana fesawa kullum, yakan kai sati biyu kafin aga cikakken amfaninsa. Irin su Otrivin kada su wuce sati ɗaya, in an zarce hancin ƙara toshewa yake. In kina da ciki ko shayarwa ko olsa ko asma ki tambaya kafin ki sha komai, musamman ibuprofen.

Akwai ciwon kan da ba a kwana da shi a gida. In yazo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau, ko ya faɗo farat ɗaya da tsananin da baki taɓa ji ba, ko baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, magana ta harɗe, gani ya dushe, ko kewayen ido ya kumbura, ko mai ciki taji shi tare da kumburin fuska, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya taso, me kika ci, me kika shaƙa, barcin awa nawa kikayi, kwana nawa ya rage al'ada tazo da maganin da kika sha, ki kai wa likita a babban asibiti, nan Gusau kuna da asibitin tarayya. A auna miki hawan jini, a leƙa hancin, in maigiren ne akwai magungunansa na musamman, harda na rigakafi ga wanda yake yawan taso masa.