Hukuncin Tara Tsofaffin Agogunan Hannu na Ƙarfe

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Da mahaifinmu ya rasu, agogonsa Omega Seamaster na farin ƙarfe ya faɗo a rabona na gado. Na kai wa mai gyara ya wanke shi ya sa masa mai, ya tashi kamar jiya aka ajiye shi. Tun daga nan sha'awar tsofaffin agoguna masu wani, wato waɗanda ake murɗawa ba masu batir ba, ta shige ni. Yanzu ina da guda 9 na shekarun 1950 da 1960, wasu daga hannun 'yan gwanjo, wasu ta intanet. Wani ɗan'uwa a masallacinmu ya ce ƙarfe adon 'yan wuta ne, kuma tara su almubazzaranci ne. Biyu daga ciki na saye su ne don in sayar idan sun yi tsada. Mene ne hukunci, kuma akwai zakka a kansu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Ɗaura agogon ƙarfe halal ne, tara su ma halal ne muddin ba su danne haƙƙin kowa ba. Amma kada ka raina maganar ɗan'uwan nan, tana da tushe. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Buraida cewa wani mutum ya zo sanye da zoben ƙarfe, Annabi (SAW) ya tambaye shi me ya sa yake ganin adon 'yan wuta a jikinsa. Ibn Abi Zaid ma ya kawo hanin zoben ƙarfe a Risala, kuma malamanmu na Malikiyya sun ɗauke shi karhanci. To amma Imam Nawawi ya raunana hadisin, ya kafa hujja da na Sahl ɗan Sa'ad da ke Bukhari da Muslim, inda Annabi ya ce wa mai neman aure ya nemo sadaki ko da zoben ƙarfe ne. Ko mun ƙaddara hanin ya inganta, a kan zobe ya zo. Agogo kayan aiki ne kamar tabarau mai ƙafar ƙarfe, kuma Sheikh Bin Baz ya yi fatawa cewa babu laifi a ɗaura shi.

Inda namiji zai buɗe ido shi ne zinariya. Agogunan wancan zamani da yawa bayansu ƙarfe ne, amma an lulluɓe samansu da fallen zinariya mai kauri. A hadisin Sayyidina Aliyu, Annabi ya riƙe alharini a dama, zinariya a hagu, ya ce waɗannan biyu haramun ne ga mazan al'ummarsa. Idan za a iya kankaro zinariyar ko a narkar da ita a tara wani abu, kada ka ɗaura. Ka bai wa iyalinka ko ka sayar. Idan launi ne kawai akwai sauƙi, ko da yake barinsa ya fi.

Almubazzaranci kuwa ba a auna shi da yawan agoguna, da halin mai su ake aunawa. A Suratul A'araf aya ta 31 Allah ya hana israfi, a ta 32 kuma ya yi inkari ga wanda ya haramta adon da ya fitar wa bayinsa. Idan cefanen gidanka bai ragu ba, kuɗin makarantar yara bai makara ba, babu mai bin ka bashi yana zirga-zirga a ƙofarka, to ba ka yi ɓarna ba. Sai dai ka san kasuwar da ka shiga. Tun da kamfanin Seiko ya fito da agogon quartz mai batir a ƙarshen 1969, masu wani suka ja baya, kamfanoni da yawa a Suwizalan suka rufe, tsofaffin da suka saura suka zama abin nema. A 2017 an yi gwanjon wani Rolex Daytona na ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman a New York kan dala miliyan 17 da ɗoriya, kuma ƙarfe ne zalla. Ƙaranci da labari ake saye a nan, irin wannan kasuwa kuwa a hankali take jan mutum. Ka yanke wa kanka iyaka tun yanzu.

Zakka ita ce zuciyar tambayarka, kuma niyyarka ranar saye ce ke raba hukunci. Bakwai ɗin da kake ɗaurawa ko kake ajiya don sha'awa, har da na gadon, babu zakka a kansu ko nawa suka kai, saboda hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim cewa babu zakka a kan Musulmi a bawansa ko dokinsa. Idan wata rana ka sayar da ɗaya, kuɗin zai fara ƙirga shekararsa ne daga ranar da ka karɓe shi. Biyun can kuwa hajar kasuwanci ce. Imam Malik ya raba ɗan kasuwa gida biyu: mai jujjuya haja kullum, wanda zai ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara ya fitar, da mai ajiya yana jiran farashi ya tashi. Kai na biyun ne. Ranar da ka sayar, idan shekara ta zagayo kan jarin, kuɗin kuma ya kai nisabi shi kaɗai ko haɗe da abin da ke hannunka, wato kimar zinariya giram 85, sai ka fitar da kashi 2.5 cikin 100 na shekara guda, ko da agogon ya shekara biyar a akwati. Sauran mazhabobi uku sun ce kowace shekara za ka ƙiyasta. Bin Malik a nan daidai ne, amma ranar da saye da sayarwa ya zama maka sana'a, ka koma sahun na farko. Wanda kuma ya saya da niyyar ya ɗaura, in ya ga riba ya sayar, zance mafi rinjaye a mazhaba shi ne hajar kasuwanci ce.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ranar sayarwa. Wannan fage cike yake da algus: a sake fentin fuskar agogo, a sa injin wani a gidan wani, a goge jikinsa har kaifin gefensa ya tafi, sannan a ce yadda ya fito daga kamfani ke nan. Gyara ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi, domin a wurin masu nema fuskar asali mai tabon tsufa ta fi sabon fenti daraja nesa ba kusa ba. Ka tuna Annabi ya cusa hannu cikin tsibin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Don haka ka buɗe murfin baya a gaban mai saye, ko ka tura masa hoton injin da lambarsa, ka faɗi duk abin da aka canza, ko da ɗan kan da ake murɗawa a gefen agogon ne. Idan kai aka cuta, kana da haƙƙin mayarwa saboda aibi, amma ba ka da haƙƙin tura cutar ga na gaba. Saye ta intanet bisa siffantawa ya halatta, gwanjo ma haka. Sa aboki ya riƙa taya kaya don farashi ya hau alhali ba saye zai yi ba, shi ne najashi da aka hana.

Sannan ka kula da lafiyarka. Agoguna da yawa kafin shekarun 1960 an shafa wa lambobinsu da hannayensu fenti mai sinadarin radiyom, mai cutar da lafiya, don su yi haske da dare. Hasken ya mutu, sinadarin yana nan. Kada ka buɗe gilashin da kanka, kada ka hura ƙurar fuskar da baki, kada ka bar yara su yi wasa da wanda ya fashe. Wajen alwala kuma ka cire shi, ruwa ya game hannu, tsohon agogon ma ya tsira daga danshi.

Allah ne mafi sani.