Mun yarda mu rabu, dole ne mu ɗauki lauya?

'Yar'uwa, kin ce ke da maigidanki kun amince ku rabu lafiya, kina tambaya ko sai da lauya. In auren Musulunci ne, ba dole ba ne. Takardar saki mai kwanan wata da shaidu biyu ta wadatar. In kuwa auren rajista ne a Najeriya, Babbar Kotu kaɗai ke raba shi, kuma yardarku ba ta isa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ku shekara 2 ba kwa tare, kuma a nan kam ki nemi lauya.

Amma don Allah ku rubuta maganar yara. Ƙanwata ta rabu da mijinta salin-alin, babu rubutu. Da kuɗin makaranta ya taso kowa ya ce ba haka aka yi ba, sai da aka je gaban alƙali.