Ina binciken jami'a yake zuwa bayan an gama shi?

Tambaya: Malam, ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Funtuwa. Ɗalibaina kan tambaye ni amfanin karanta kimiyyar halittu ko ta sinadarai ko ta abinci, tunda mutane na cewa duk binciken da ake yi a jami'o'inmu a kan kanta yake ƙarewa, ƙura ta binne shi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da mu. Akwai abin da ya fito daga ɗakunan gwajinta da zan iya nuna musu da yatsa?

Amsa: Malama, akwai, kuma ba sai kin kai su Zariya ba. Ki shiga shagon mai sayar da iri ki duba jikin ledoji. Duk wanda sunansa ya fara da SAM, daga Samaru ya fito: SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMNUT gyada, SAMPEA wake, SAMCOT kuma audugar da aka san ƙasarku da ita. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR ce ke fitar da su. Ta ma girmi jami'ar, don tun 1922 aka kafa tashar bincike a Samaru, ita kuwa jami'a sai 1962, shekarar da aka haɗe su.

Sai dai masu maganar ƙura ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Abin da na lura shi ne, a jami'a guda wani binciken yana da hanyar fita zuwa ga jama'a, wani kuma ba shi da ita. Bari mu bi wake daga gona zuwa tukunya, za ki ga inda hanyar take da inda ta yanke.

Babban abokin gabar wake a gona wata tsutsa ce da masana ke kira Maruka. Tana cin fure, ta huda kwanso, idan ta yi tsanani manomi kan rasa har kashi 80 cikin 100 na amfaninsa. An daɗe ana neman irin waken da ke jure mata ba a samu ba. Sai aka ɗauko wata ƙwayar gado, wato abin da ke ɗauke da halin da ake gada a jikin halitta, daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, aka dasa a jikin wake. Shukar sai ta riƙa yin wani furotin da ke lalata cikin tsutsar idan ta ci. Masanan hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, suka yi dashen, gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, ta haɗa kan masu aikin, su kuma mutanen Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku suka yi shekaru suna barbara da gwaji a gona. A watan Disamba na 2019 aka saki SAMPEA 20-T. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas a damina, yanzu sau biyu ya ishe shi. Akwai masu adawa da irin da aka sauya wa ƙwayar gado, kuma haƙƙinsu ne su tambaya. Ni dai idan na auna, feshin da manomi ke yi ba safar hannu ba ƙyallen rufe hanci ya fi damuna.

Me ya sa wannan bai kwana a kanta ba? Saboda iri yana da hanyar da aka share masa tuntuni. Ana gwada shi a gonakin cibiya, a gwada a gonakin manoma, a kai gaban kwamitin ƙasa mai rajistar sabbin iri a Ibadan, a ba shi suna da lamba, kamfanonin iri su karɓa su ninka, malaman gona su yayata. Haka aka yi da gyada. A 1975 cutar kuturtar gyada, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye kusan hekta 700,000 a arewa, tana cikin abubuwan da suka kwantar da dalar gyadar Kano. Daga baya Samaru da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, suka fitar da iri masu jure cutar, kamar SAMNUT 24 na 2011 mai nuna cikin wata uku.

To an girbe wake, an zuba a buhu. A nan aikin ya koma hannun masu kimiyyar sinadarai da ta abinci, a nan kuma hanyar ke fara tsukewa. Ɗan kasuwa na tsoron ƙwaro, sai ya yayyafa fiya-fiya a buhun. Sinadarin da ke cikinta, diklobos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Masana a jami'o'inmu sun sha auna ragowar maganin ƙwari a hatsin kasuwa su wallafa. Amma wanda ya auna ba shi ne mai ikon kama buhu ba, wannan aikin NAFDAC ne da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, kuma babu wata ƙa'ida da ta ce sakamakon ɗalibin digiri na biyu sai ya isa teburinsu. Maganin da ya yi aiki a ƙarshe daga Jami'ar Purdue ta Amurka ya zo, tare da masu bincike a Marwa ta Kamaru: buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi tamau, ƙwarin kan shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Ya yaɗu ne saboda an samu masana'antar da ke ƙera shi da masu shiga ƙauye suna nuna yadda ake ɗaurin.

Gyada ma tana da nata tarkon bayan girbi. Idan ba ta bushe sosai ba, funfuna kan kama ta ya bar wata guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyada da aka shigo da ita daga Barazil. Ba ta da wari, suya da dafuwa ba sa kawar da ita, tana kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Turai ba ta yarda ta wuce maikrogiram 4 a kilo ɗaya na gyadar ci ba (maikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Ki tuna cewa ƙwayoyin da suka yamutse, waɗanda aka tsince daga gyadar sayarwa, su ne sau da yawa ke ƙarewa a ƙuli-ƙuli mai araha. Mai nazarin halittu ya san funfunan, mai sinadarai ya iya auna gubar da na'urar HPLC, mai kimiyyar abinci ya san yadda za a shanya a adana. Idan kowa ya zauna a sashensa, takardu uku za a samu, mai tuyar ƙuli-ƙuli kuwa ba ta ji komai ba.

Akwai kuma binciken da ba a yi shi don a gani a kasuwa gobe ba, kuma kada ki bari 'yan matan su raina shi. Marigayi Farfesa Andrew Nok na sashen nazarin sinadaran jiki a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekaru a kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Ƙwayar tana fitar da wani sinadari mai suna siyalidez, wanda ke kankare wani sashe na bayan jajayen ƙwayoyin jini. Jiki sai ya ɗauke su a matsayin lalatattu ya rusa su, shi ya sa saniya mai sammore ke rasa jini ta rame. Aikinsa kan ƙwayar gadon da ke samar da wannan sinadari ya ci masa kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Ya rasu a 2017, har yau babu allurar rigakafin sammore a kasuwa, amma duk mai nemanta ta wannan fuska sai ya bi ta kan rubuce-rubucensa. Ki ƙara musu da cewa a Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Ba ta ba da wutar lantarki, aikinta gano ma'adinan da ke cikin ƙasa ko duwatsu ko abinci komai ƙanƙantarsu.

Ragowar fa, waɗanda ƙura ta rufe da gaske? Yawancinsu an yi su ne don a ci jarrabawa ko a samu ƙarin girma, domin a jami'o'inmu yawan takardun da malami ya wallafa na cikin manyan ma'aunan ɗaga shi. Don haka za ki ga an auna furotin da mai da toka a ganyen zogale sau ba adadi, ko a jiƙa sassaƙen wani itace a ɗiga a faranti a rubuta cewa ya kashe ƙwayar cuta, shi ke nan an tsaya. Matakin gaba, wato ware sinadarin da ya yi aikin, a gane tsarinsa, a gwada illarsa, yana bukatar na'urori masu tsada da wutar da ba ta ɗaukewa. Ga yajin aiki: na 2022 ya ci wata takwas, ɓerayen gwaji da samfurin da ke firiza kuwa ba sa jiran a sasanta. Asusun TETFund na ba da kuɗin bincike, amma masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba. Su daddawa da kunun zaki da kilishi an yi nazarinsu sosai, an san ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, abin da babu shi ne kamfanin da zai ɗauki sakamakon ya zuba jari.

Idan kina son ɗalibanki su taɓa abin da hannunsu, ki samo mudun wake da ƙwaro ya fara shiga, ki raba biyu. Rabi a cika gorar roba da shi har wuya a murɗe murfin sosai, rabi a zuba a wata gorar a ɗaure bakinta da tsumma. Su ƙirga ƙwayoyi 100 daga kowace gora a ranar farko, su rubuta nawa ne masu huda, bayan wata biyu su buɗe su sake ƙirgawa.