Amsa ga ɗan'uwan da aka gayyata ya koyar da tsara shafin intanet a bitar kwana uku

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, sai da na karanta tambayarka sau biyu kafin na iya amsawa, domin ta fama mini wani tsohon miki. Ka ce wata ƙungiya ta gayyace ka ka koyar da matasa tsara shafin intanet da hanyoyin sadarwar zamani a bitar kwana uku, kana neman shawara ko ka fara da HTML da CSS, wato yarukan da ake rubuta shafi da ƙawata shi da su, ko ka shiga WordPress kai tsaye, wato manhajar da ake haɗa shafi da ita ba sai an rubuta komai da hannu ba. Zan zo kan wannan, amma ka yi mini haƙuri in fara da abin da ba ka tambaya ba, domin shi ne ya kayar da ni.

A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, wani mai shirya taruka ya ɗauke ni irin wannan aiki a nan Kano. Ya ce mini mutum 30 ne, kowa da kwamfutarsa. Da na shiga zauren sai na tarar da kusan mutum 70 da kwamfuta 11, huɗu daga ciki ba sa kamawa sai an jona su da wuta, janareto kuma ana kashe shi da azahar saboda tsadar mai. Duk wannan na shanye. Abin da har yau yake hana ni sukuni shi ne, a rana ta biyu mutumin ya sanar cewa zai sayo wa mahalarta sunan shafi da masaukinsa, wato wurin da ake ajiye shafin a intanet, a dunƙule domin a samu rangwame, ya karɓi kuɗin kowa, sannan ya yi rajistar komai da sunansa da imel ɗinsa. Na san kuskure ne tun a lokacin, amma na ja bakina na yi shiru saboda bai biya ni haƙƙina ba tukuna, ina tsoron kada mu ɓata.

Da shekara ta zagayo lokacin sabunta rajista ya yi, sai shafukan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ba shi aka kira ba, ni aka kira, domin fuskata aka sani a gaban allo. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da turaren wuta da humra, wadda ta buga adireshin shafinta a jikin kwalabe da ledojinta da ɗan jarin da take juyawa. Ta kira ni bayan sallar isha'i, muryarta tana rawa, ta ce, "Malam, ina shagona ya tafi?" Wallahi ban samu abin da zan ce mata ba. Na yi mako biyu ina neman mutumin, wayarsa a kashe; ranar da na same shi kuwa, ko gezau bai yi ba, ya ce shirin ya ƙare, an miƙa rahoto ga masu ɗaukar nauyi, sauran ba ruwansa. Na roƙe shi ya ba ni kalmar sirri kawai in sabunta mata da kuɗina, ya ce ya manta. Har yanzu hotunan ranar rufe taron suna nan a shafinsa na Facebook, mahalarta sun ɗaga takardun shaida suna murmushi, ni ma ina tsaye a gefe. Na bar shi da Allah, amma kasona na laifin ban yafe wa kaina ba.

Saboda haka, kafin ka amsa gayyatar, ka gindaya sharaɗi cewa kowane mahalarci zai yi rajista da sunansa da imel ɗin da shi kaɗai yake da mabuɗinsa. Ka fahimtar da su tun ranar farko cewa sunan shafi haya ce ta shekara-shekara, ba filin gado ba ne, kuma su rubuta ranar sabuntawa a inda ba za ta ɓace ba. Sunaye masu ƙarewa da .ng da .com.ng suna ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen shafukan intanet na Najeriya, kuma ana yin rajistarsu ne ta hannun kamfanonin da ta amince da su, don haka babu dalilin bi ta hannun ɗan tsakiya. Wanda ba shi da kuɗi ya fara da Blogger ko GitHub Pages, dandalin ɗora shafi ne, kyauta ne, kuma asusun nasa ne.

Game da ainihin tambayarka, ni a ganina ka ba HTML da ɗan abin da ya sawwaƙa na CSS rana guda, domin ba sa buƙatar intanet ko kaɗan: Notepad da burauza sun wadatar. Mutum ya rubuta sunansa da hannunsa, ya ga ya fito a allo da launin da ya zaɓa, a nan ne tsoron kwamfuta yake fita daga zuciyarsa. Sauran kwana biyun ka shiga WordPress, amma kada ka dogara da sabis ɗin zauren. Ka zo da WordPress da XAMPP, wato manhajar da ke sa WordPress ya yi aiki a kwamfuta ba tare da intanet ba, a filas, a girka su a kowace kwamfuta, a yi aikin ba tare da data ba, sai ranar ƙarshe a ɗora a intanet. Ni kaina na taɓa halartar wata bita a Kaduna inda malamin ya kwashe kwana uku yana haska mana rubutu da majigi cikin Turanci, ba mu taɓa madannai ko sau ɗaya ba, muka tashi da jaka da biro da kuɗin mota. Ka yi bayani da Hausa, amma sunayen maɓallai ka bar su yadda suke a allo, don kada mutum ya koma gida ya rasa inda zai danna.

Af, kada in manta da haruffanmu masu ƙugiya. Ba kowane samfurin rubutu ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, sai ka ga shafi ya yi kyau amma ƙugiyar ta koma ɗan akwati ko ta fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Ka koya musu sa UTF-8 a kan shafin, wato tsarin da ke sa burauza ta gane haruffan, su zaɓi samfuri irin Noto Sans, kuma su gwada komai a ƙaramar waya mai raunin sabis, domin da ita masu sayen kayansu za su buɗe shafin. Hoton da aka ɗauka da waya a rage masa nauyi kafin a ɗora.

A ɓangaren sadarwa kuwa, abin da ya fi yi wa ɗalibaina amfani shi ne awa ɗaya da na ware kan tsaron asusu: kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel, da gargaɗin kada a ba kowa lambobi 6 da ake turowa ta saƙon tes. Idan za ka ci gaba da bibiyarsu ta Zoom, ka tuna na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Kada kuma ka yi wa kowa alkawarin zama gwani a kwana uku. Masu himma ka nuna musu freeCodeCamp, shafin koyon wannan aiki kyauta, ko shirin horar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wanda horonsa yake ɗaukar watanni.

Ka karɓi rabin kuɗinka kafin ranar farko, da yarjejeniya a rubuce, domin bashin da nake bi shi ne ya ɗaure mini baki. Ka je ka ga zauren da idonka, ka ƙirga kwamfutocin da wuraren jona caji. Ita kuwa waccan baiwar Allah, na yi mata tayin sabon shafi kyauta har sau biyu, ta yi godiya ta ce a bar shi, yanzu a WhatsApp take tallar turarenta.