Muryar Yaya a kan zuwa Gamji washegarin Sallah

(Ga muryar da Yaya ya turo jiya da dare, na rubuta ta saboda Goggo ta ce wayarta ba ta buɗe murya.)

Assalamu alaikum mutanen gida. Hajiya barka da dare, Goggo ina gajiya. Auta, na ga saƙonki tun la'asar, muna wurin rabon aiki na 'yan agaji ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce za ki taho daga Zariya washegarin Sallah da yara 5, naki 3 da na maƙwabciyarki 2, ki kai su bikin Gamji, wurin shaƙatawar nan na Kaduna, kina tambayar lokacin zuwa, da abin da ake bari a shiga da shi, da ko ki zo da mota. To bari in amsa a nan kowa ya ji, don na san gobe wani ma zai sake tambaya.

Kafin komai, yara 5 ke kaɗai? A'a. Wannan kam ban yarda ba. Ki nemi babba ɗaya ya rako ki, ko ƙanin mijinki ko ita uwar yaran. In ba a samu ba, ki biyo ta Unguwar Rimi ki ɗauki Amarya, dama tana ta mitar ba ta fita. Dalilina kogi ne. Mutanen da ba 'yan gari ba sukan manta cewa Gamji a bakin kogin Kaduna yake, ba wurin lilo ne kawai ba. Kuma Sallar nan a damina ta faɗo. Ko ba a yi ruwa a cikin gari ba, in an yi a sama can wajen Filato inda kogin ya taso, sai ki ga ruwa ya ƙaru, ya yi ja, yana gudu ta ƙasa alhali samansa lumus kamar ba ya motsi. Duwatsun bakin nan santsi gare su. Yaro kuwa da ya hango ruwa ƙafarsa can take nufa, balle 'yan samarin nan masu son hawa dutse a ɗauke su hoto. Mu da muke tsayuwa a wurin, rabin aikinmu koro yara ne daga gaɓa. Inda kika ga an ja igiya ko an tsayar da mutum, nan ne iyaka. Kada wani ya ce miki ai ruwan bai kai gwiwa ba.

Lokaci kuma, ki yi sammako. Ki bar Zariya da hantsi ya zama kafin azahar kin shiga. Cunkoson gaske bayan la'asar yake farawa, lokacin da gari ya gama rabon nama kowa ya yi wanka ya fito. Ku da kuka zo da wuri, a lokacin kun gama hawa lilo kun ci kun sha, ƙarfe 5 sai ku kama hanya. Magariba kada ta same ku a ciki, kuma ban so ki bi hanyar Zariya da yara cikin duhu.

A ƙofa akwai caje, layin mata daban na maza daban, mata ne ke duba jakar mata. Kada ki ji haushi in an zazzage miki jaka. Wuƙa ba ta shiga, kowace iri ce. Na san Babbar Sallah ce, kowa da 'yar wuƙarsa ta yankan nama a cikin kula, to ki yayyanka soyayyen namanki tun a gida. Reza, almakashi, kwalbar gilashi, duk a bar su. Zoɓo ko kunun aya a zuba a gorar roba. Abin fashewar nan na yara da suke kira nokawut, shi ma a'a, don ƙara ɗaya a cikin taro ta isa ta sa mutane su watse a tattake ƙanana. Har bindigar robar da ake saya wa yara ta Sallah, gara a bar ta a gida, in an karɓe a ƙofa kukan da za ki sha ba kaɗan ba ne. Abinci kam ki zo da kayanki, da tabarma, da buta, da lema saboda hadari. Akwai masu sayarwa a ciki, amma kin san farashin ranar Sallah.

Kuɗi ki riƙo a hannu, kuma canji, ƙananan takardu. Tikitin ƙofa daban, kowane lilo da nasa. Kada ki dogara da taransifa ko mai POS, in mutane suka taru sabis ɗaukewa yake, ki tsaya kina kallon waya tana juyi yara na jan hijabinki. Ki raba kuɗin gida biyu. Waya kuma a jakar da ke gabanki, ba a aljihun gefe ba, 'yan sane su ma ranar kasuwarsu ce.

Yauwa, ga wanda na fi so ki ji. Kafin ku fito gida ki ɗauki kowane yaro hoto da kayan da ke jikinsa a ranar. Ki rubuta lambarki a takarda ki sa masa a aljihu, ƙananan kuma ki rubuta musu a hannu da biro. Ni kaina na taɓa sakin hannun ɗana ina amsa waya, minti 2 bai cika ba na neme shi na rasa. Da aka tambaye ni kayan jikinsa na ce shadda ruwan toka, ashe rabin yaran wurin ruwan toka suka sa. Ni da nake nemo 'ya'yan mutane! Can na same shi gaban mai alawar auduga ya saki baki. Saboda haka da kun shiga, ki nuna musu rumfar 'yan agaji da inda lasifika take, ki ce duk wanda bai gan ki ba ya je can ya tsaya, kada ya bi kowa, kada ya fita ƙofa nemanki. Kuma ki riƙa ƙirga su duk sanda kuka tashi daga wuri.

Mota, in kin shigo ta Kawo ki miƙe Ali Akilu har Lugard Hall inda majalisar jiha take, ki kama Independence, ki nufi wajen Kwalejin 'Yan Sanda, daga nan kowa kika tambaya Ƙofar Gamji zai nuna miki. Amma shawarata ki ajiye motar a gidana ku hau Keke. Wurin fakin cika yake da wuri, in kuma kika ajiye a bakin titi inda aka hana, 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya suna kan aikinsu, ba ruwansu da Sallah.

In kun shiga kada lilo ya cinye ranar duka. Ki kai su su ga gadar Gwamna Lugga, 'yar gadar ƙarfen nan ta ƙafa. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, lokacin can ne hedikwatar Arewa, daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Babban naki da ke firamare zai ji daɗin wannan. Ki faɗa masa sunan wurin a hukumance na Janar Hassan Usman Katsina ne, gwamnan soja na Arewa a 1966, Gamji kuma kirarin Sardauna ne. Sunan garin Kaduna ma ana cewa daga kada ya samo asali, kadduna, to ka ga wani dalilin na barin bakin ruwa, ka ji ko, in yana kusa ki sa masa wannan wurin ya ji da kunnensa.

Ni ina ƙofa tun safe da kakina, in kun iso ki kira, in bai shiga ba ki tambayi kowane ɗan agaji. Af, Goggo, kin ce ke ma za ki? To a taho miki da kujerar roba, zaman tabarma ba zai yi wa gwiwar nan ba. Auta ki taho min da tsarabar Zariya, kada ki zo hannu rabbana kamar bara. Sai da safenku.