Tambaya da Amsa: An sa mana tes washegarin hutun sallah

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam, da fatan an yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a wata jami'a a nan Sakkwato amma gidanmu Potiskum ne. Wani malaminmu ya sa mana tes ƙarfe takwas na safe washegarin ranar da hutun ƙaramar sallah ya ƙare, kuma sai da muka riga muka watse aka saka sanarwar a guruf ɗin WhatsApp na aji, ni kuma daga garinmu sai na kwana Kano kafin in kamo hanyar Gusau don ba mai bin hanyar nan da dare yanzu. Na iso da la'asar an gama. Na same shi a ofis ya ce ba ruwansa, gwamnati kwana biyu ta bayar. Maki 20 ne Baba, ina tsoron kariyoba. Ina da wani haƙƙi ko dai in haƙura?

Daga wata ɗaliba, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi ba da sa'a. Kar ki haƙura tukuna, amma bari in fara da wadda ba za ta yi maki daɗi ba.

Ta fuskar doka malamin nan bai taka komai ba. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya ita ke ayyana ranakun hutu, in sun ƙare aiki ya dawo. Sashe na 38 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin addini da yin ibadarsa, sashe na 42 kuma ya hana a nuna ma mutum bambanci don addininsa, to amma ke ba a hana ki ibada ba. Sallar idi sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Malikiyya kuma ko kin tsaya Sakkwato za ki same ta, abin da ya kai ki gida zumunci ne da kewar iyaye, abu ne mai kyau ƙwarai amma ba shi za ki riƙa a matsayin hujja ba. In kin shiga ofis kina cewa an tauye maki addini za a kayar da ke cikin minti ɗaya.

Hujjarki tana wani wurin, wato lokacin da anka sanar. Tes ɗin da anka sa bayan ɗalibai sun watse ba adalci a cikinsa ko da ba sallah, balle malamin ya san ajinsa akwai 'yan Yobe da Adamawa da Kwara, ya san halin da hanya take ciki. Kan wannan za ki tsaya. Ki ɗauki hoton sanarwar nan yadda kwanan wata da lokaci za su fito, ki nemi wakilin ajinku ya tattara sunan duk wanda abin ya shafa don na tabbata ba ke kaɗai ba ce, ku rubuta takarda guda cikin ladabi zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodinetan ajinku kuna roƙon a yi maku tes na ramuwa. Roƙo na ce ɗiyata, kada ku rubuta ta kamar ƙara, kuma ku fara nuna ma shi malamin kafin ku miƙa, sau da yawa da ya ga sunaye goma sha a takarda zai ce ku zo ranar kaza. In an ƙiya sai ofishin kula da harkokin ɗalibai. Kada ki kai maganar Facebook, can za ta koma rigimar addini ke kuma makinki ya tafi.

Sai 'yan uwana malamai, don na koyar kuma na san uzurin da muke kawowa, wai ba a san ranar sallah ba sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Gaskiya ne sai an ga wata, amma watan musulunci 29 ne ko 30, iyakar saɓanin kwana guda ne, kuma kowa ya san duk shekara azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2024 gwamnatin tarayya ta ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, da ba a ga wata ba azumi ya cika talatin anka yi sallah ran Laraba sai ta ƙara da Alhamis 11 ga wata. To in gwamnati kanta na iya gyara lissafinta cikin kwana guda mi zai hana malami ya bar tazarar kwana ukku kafin sallah da bayanta babu tes? Na san tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 kalandar jami'o'i da yawa take a matse kowa na gudu ya kammala, amma kwana ukku ba su ne za su rushe semesta ba.

Akwai abin da har yau yake tsaya mani a rai. Wata shekara azumi ya faɗo cikin bazara, irin zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40, ina sa ido a jarabawar ƙarfe biyu na rana, babu wuta fanka ta tsaya, wani yaro a layi na ukku na ga biro ya zame daga hannunsa ya kifa kai kan takarda, da na ɗago shi leɓensa ya bushe ya yi fari zufa ta jiƙa takardar amsa har tawada ta narke. Munka fitar da shi munka zuba mashi ruwa a ka ya ƙi sha. Yaron nan ya yi karatu, taimtebul ne ya kayar da shi, da an maida jarabawar ƙarfe takwas na safe ba wanda zai rasa komai. Ni ba na cikin masu son a rufe jami'a wata guda cur don azumi, irin yadda Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi sunka rufe makarantun firamare da sakandare a 2025 har ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ƙorafi. A gyara lokaci kawai, a bar tsakar ranar Juma'a babu lakca tunda ita wajibi ce a kan maza, a sassauta safiyar goman ƙarshe saboda masu tahajjud.

TAMBAYA

Malam ina wuni. Ni Kirista ne ɗan Zuru ina aji biyu a Sakkwato. Wani malami yana yawan sa mana lakca ranar Lahadi da safe kuma yana ɗaukar sunan waɗanda suka zo. Mu kaɗan ne a ajin shi ya sa muke jin nauyin magana. Yaya zan yi?

AMSA

Ɗana, taka ta fi ta 'yar uwarka ƙarfi, don kai ibadarka ce kai tsaye anka ɗora lakca a kanta, daidai take da a sa ma musulmi lakca lokacin huɗubar Juma'a. Kuma tunda jami'o'i da yawa sai ɗalibi ya cika kashi 75 na halarta kafin ya zauna jarabawa, sunan nan da ake ɗauka zai iya cutar da kai. Ƙarancinku bai rage maku komai ba, sashe na 38 bai ce sai masu yawa ba.

Ina kyautata zaton malamin bai ma lura ba, wuri yake nema ya cusa lakcar da ta kuɓuce mashi. Ku same shi ku biyu ko ukku da wakilin aji ku ce a maida ta bayan ƙarfe biyu ko Asabar, amma ku fara tambaya ko akwai ɗan cocin Adbentis a cikinku don su Asabar ce ranar ibadarsu. Ka kuma yi magana da shugabannin FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, su tuntuɓi na MSSN, ƙungiyar ɗalibai musulmi, su je tare, malami ba ya ƙin abin da ɓangarorin biyu sunka zo mashi da shi baki ɗaya. Ku kuma ɗiyana musulmi na ajin, ku za ku fara buɗe baki kafin shi, baƙonku ne a garin Shehu.

Ka rubuto mani bayan kun gan shi, in ya ƙiya zan tsara maka yadda za ku rubuta ma shugaban sashe.