Tashar lantarki mai cin mai: janareta ce babba?

Ka tambaya ko ƙananan tashoshin lantarki masu amfani da mai janareta ne kawai manya. Ɗan'uwa, ba ka yi nisa da gaskiya ba.

Yawancinsu injinan dizal ne jere a rumfa guda. Fistin yana matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai a fesa mata mai ya kama da kansa, ba ruwansa da fulogi. Ƙarfin fashewar nan ne ke juya sandar injin, ita kuma ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla. Daga nan wuta ke fitowa, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta a tura kan layi.

Inda suka sha bamban da na gida shi ne man. Manyan injinan kan sha baƙin mai, mai kauri kamar kwalta, don ya fi arha. Idan ya yi sanyi da ƙyar yake gudu a bututu, dole a ɗumama shi a tace tukuna. Akwai kuma masu ƙona man su tafasa ruwa, tururin ya juya farfela, amma a ƙanana wannan ba shi da yawa.

Misalin masu injin dizal, dubi tashar Gorou Banda kusa da Yamai, wadda aka buɗe a 2017. Amfanin irin waɗannan tashoshi shi ne saurin tashi idan wutar layi ta ɗauke. Sai dai fa tsada! Fiye da rabin ƙarfin man zafi yake zama ya bi iska da hayaƙi.